Munduwar Kakata da Tukunyar Mutanen Sin

Ni ɗiyar Shagari ce. Aure ne ya kai ni Bodinga, gidan maƙeran farfaru, masu aikin azurfa da tagulla. Kuma ban shiga gidan nan hannu sake ba. Da mundaye biyu na shiga, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na kakata uwar ubana. Azurfar liyari ce zalla, tsohon kuɗin nan na azurfa, irin wadda fatake ke kawowa tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba. Ba irin awarwaron yanzu ba ne, da yarinya za ta zura da safe ta tuɓe da maraice. Waɗannan a jikin hannu ake rufe su. Ki ɗora hannu bisa dutse, maƙeri ya bi da guduma sannu sannu har baki ya haɗu da baki, shi ke nan kin zama ke da su mutu ka raba. Da kakata ta ga ƙarfinta ya ƙare, ita ta sa anka buɗe su daga hannunta anka rufe a nawa, tana zaune tana kallo. Ta ce, "Ki yi daka da su, ki yi wanki da su, amma kada ki cire ma kowa."

Ta hagu ce ta bar jikina, ba da son raina ba. Da na samu cikin fari hannun ya kumbura har azurfa ta soma cin nama. Maigidana ya sa awartaki ya buɗe ta, na naɗe ta a tsumma na sa cikin ƙwaryar turarena, a kan in na haihu a mayar. Na haihu, na gama wanka, kumburi ya saɓe. Kullum na yi masa magana sai ya ce gobe.

Maigidan nawa gwani ne, wannan ba zan hana masa ba. Zaren azurfa yake ja har ya yi siririn gashi. Amma in wansa ya yi tari, shi na'am yake amsawa. Wan nan nasa shi ke riƙe da maƙera tun rasuwar ubansu. Hannunsa ya daɗe da barin guduma, baki ne ya karɓi aikin. Zaune yake wuni bisa buzu a bakin zaure, yana tauna goro yana tofarwa, duk abin da ƙanensa ya ƙera sai ya ɗaga ya nuna wa mutane ya ce, "Aikinmu na." Allah ya jiƙan musulmi. Iyakar abin da zan ce masa ke nan, shi ma don an ce a riƙa faɗa.

Mu matan gidan wankin ƙarfe ne aikinmu. Duk abin da ya fito daga wuta baƙi ƙirin yake fitowa, mu ke jiƙa tsamiya, mu haɗa da toka da lallausan rairayi, mu murza har mutum ya ga haƙoransa a ciki. A wannan fanni ba a yi macen da ta kama ƙafata a gidan ba, kowa ya sani.

To, a shekarun nan ne Turawa ke jan hanyar mota daga Sakkwato, ta bi ta Bodinga ta nufi Shagari. Baturen hanyar ya sauka a bariki, bayan garinmu Shagari, shi da matarsa. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a bayan zanar da ta raba mu da maƙera, sai ga kukunsu bisa jaki, wani dogo mai farar riga da jar ɗamara, da Hausarsa ta gabas, yana magana kamar mai tauna ƙashi. Ya sauke wani abu naɗe cikin bargo, ya buɗe a tsakiyar maƙera. Na leƙa ta kafar zana.

Tukunya ce ta tagulla, girmanta bai wuce na tukunyar miya ba, amma da ƙafafu uku a jikinta, kamar wadda ta gudo da murhunta. Kunnuwa biyu a tsaye bisa baki. A jikinta ta waje an zana wata fuska, idanu biyu ƙuru-ƙuru, da ƙahoni a murɗe, ba haɓa, ba leɓen ƙasa, sai wasu zane-zane masu nannaɗewa kamar hanjin kaza sun kewaye ta. Ga dauɗa! Tsatsa koriya shar ta rufe ta tun daga kunne har ƙafa, irin gansakukar bakin rijiya. Ko kare ba zan zuba wa ruwa a ciki ba.

"Wannan tukunya," in ji kuku, "ta girmi kakan kakan garinku. Daga ƙasar Sin maigida ya zo da ita, can inda ya yi aiki kafin a kawo shi nan. Sarakunan can a cikinta suke dafa wa matattunsu nama."

"Matattu na cin nama can?" in ji maigidana.

"Kai dai yi abin da aka sa ka. Misisi, matar maigida, tana son a ɗauki fuskar nan a yi mata abin wuya na azurfa, da kuma abin hannu mai faɗi. Abin wuyan za ta fara gani. Kuma azurfa ta ƙwarai take so, ta san ta in ta gani."

"An gama, ranka shi daɗe," in ji wan maigidana, har da sauka daga buzu.

Ranka shi daɗe ga mai soya ƙwai! Na tofar da yawu a inda nake.

Abin da kuku bai damu ya sani ba, azurfa ta ƙwarai ta yi wuya a lokacin. An riga an sauya sulalla, an kawo wasu masu ruwan ɗorawa da in ka narka ba ka samun komai sai takaici. Azurfar kirki ba ta rage ko'ina ba sai a hannun tsofaffin mata da waɗanda sunka gaje su. Tun ƙurar jakin kuku ba ta kwanta ba na san inda idon wan maigidana zai faɗa.

Bayan azahar ya aiko a kira ni. Matar ƙane ba ta kallon wan mijinta a fuska, ba ta kuma mayar masa da magana. Na durƙusa a gefe, na ba shi rabin baya. Shi ma bai yi magana da ni ba, da ƙanensa ya yi, ga ni a zaune.

"Gaya mata mundayen ga nata aro nike so. In Bature ya ji daɗi, aikin bariki dut namu na. Sai a yi mata wasu da sunka fi su."

Maigidana ya juyo. "Kin ji abin da Yaya ya ce."

"Gaya mashi kakata ba ta bar mani su don aro ba."

"Gaya mata abin da ya shigo gidan ga, na gidan ga na."

A nan na manta da kunya. Na juyo na dube shi tsakiyar ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, ni anka auro, ba a auro kakata ba. Mai son munduwar ga sai shi taho da gatari shi ɗauke ta da hannun."

Goron bakinsa ya tsaya cak. Maigidana ya sunkuyar da kai kamar shi anka zaga. Na tashi na shige ciki.

Kashegari sunka fara aiki. Yadda ake yi, sai a manna yumɓu mai laushi a jikin abu a ɗauki zanensa, a zuba kakin zuma a ciki ya fito da siffar, a sake rufe kakin da yumɓu haɗe da kashin jaki, a gasa, kaki ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba azurfa a gurbinsa. Amma duk yumɓun da maigidana ya manna sai ya fito dusu-dusu, ba ido ba ƙaho, don tsatsa ta cike ramukan zanen. Ina jin su ta bayan zana. Wan ya ce, "Mi kake wahala? Ga mai tsamiya nan cikin gida. A kai mata ta wanke ta, ta yi awa zinariya. Macce ta, wace macce ba ta son ta ga tukunyatta tana walƙiya? Misisi har tukwici za ta ba mu."

Da bakinsa ya faɗa, da kunnena na ji. Ku riƙe wannan.

Na karɓi tukunyar, ba don shi ba. Lissafi na yi a zuciyata. Na ce mace ce kamar ni, ko da fatarta ja ce. In na mayar mata da tukunyarta fes, na durƙusa na nuna mata hannuna na ce na kakata ne, za ta gane, ta ce a nemi azurfa wani wuri. Na ɗauki tukunya na kai gindin rijiyar bayan gida, na zauna mata da goyona a baya. Tsamiya na jiƙa mai kauri. Tsatsar nan ta yi gardama kamar mai rai. Na murza da toka, na bi da rairayi, inda ta ƙi na sa tsinken kaba na bi ramin zanen layi layi, har cikin ƙwayar idon dodon. Yatsuna sunka tsattsage, ruwan wankin ya yi kore kamar miyar kuka. Sai ga jikinta na ainihi ya fara bayyana, ja-ja mai ruwan zuma. Wallahi da na gama, matan maƙwabta sun taru suna salati. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, har yau kuwa.

Ashe ina can gindin rijiya, maigidana yana cikin ɗakina.

Ban sani ba sai da anka ɗauki zane, anka gasa yumɓu, ranar zubi ta zo. Na ji zugazugi na ta huci ba ƙaƙƙautawa, irin hucin da ba a yi sai za a narka abu mai nauyi. Na shiga ɗaki na ɗaga faifan ƙwaryar turare. Tsumman na nan, a ninke tsaf yadda na bar shi, ba komai a ciki. Har ninke mani shi ya yi.

Na fita na tsaya a ƙofar maƙera. Maigidana na riƙe da kaskon narki da awartaki, azurfa na rawa a ciki fari fat. Ya ɗago ya gan ni. Hannunsa bai ko girgiza ba, ya zuba ta daidai, don gwani ne. Ban yi kuka ba. Na ce masa, "Sannu da aiki." Daga ranar ban ƙara dafa abin da wansa zai ci ba.

Abin wuyan ya fito, faɗin tafin hannu, ga fuskar dodon nan da idanunta da ƙahoninta. Sunka so in wanke shi, na ce wanda ya narka shi ya wanke. Da za a kai bariki wan ya aiko cewa in shirya, ni zan ɗauki tukunya, in ya so in gaida iyayena tunda garinmu ne. Na yi mamakin wannan kirki, amma na amsa, don ina da magana da matar Baturen. Ta dama dai tana hannuna.

Munka fita da sassafe, shi bisa jaki, maigidana da jakar fata a kafaɗa, ni da tukunya a ka da ɗa a baya. Munka sha ruwa a Lambara, munka bi gefen sabuwar hanya, mutanen ƙauyuka na ta ɗaukar tsakuwa da kwanduna. Sai la'asar sakaliya munka isa.

Matar Baturen na zaune bisa kujerar zane a inuwar bariki, siririya kamar karan dawa, da hula mai faɗin faifai. Wan maigidana ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya rarrafa ya miƙa abin wuyan. Ta juya shi, ta ɗaga shi sama, ta yi murmushi, ta yi wata magana ta hanci. Kuku ya ce, "Ta ce ya yi." Wan ya waiwayo ya yi mani inkiya. Na sauke tukunya a gabanta, na yaye bargo. Rana ta doke ta, ta haska har rufin barikin.

Ihun da matar nan ta yi, sai ka ce kunama ta harbe ta. Ta faɗo daga kujera bisa gwiwoyinta, ta rungumi tukunya tana juya ta, tana shafa ta da yatsa, tana neman abin da ban san ko mene ne ba. Fuskarta ta yi ja, ta koma fari, hawaye na zuba. Kuku ya juyo kaina.

"Ina koren?" ya ce mani.

"Wane kore?"

"Tsatsar, ke! Ina tsatsar jikinta?"

"Tana gindin rijiyarmu. Na wanke."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Kun kashe ni. Tsatsar ita ce tukunyar! Sai ta kwana ƙarƙashin ƙasa zamani bayan zamani kafin ta yi wannan koren. Ko ƙura ba a bari in share mata sai da gashin kaza!"

Na ce, "To kai da ka sani, mi ya hana ka faɗa ranar da ka kawo ta? Kuma tambaye ta, a garinsu haka mata ke barin tukunya?"

Bai tambaye ta ba. Matar ta ɗago tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya. Kuku ya ce, "Ta ce wa ya sa a yi?"

Na dubi wan maigidana. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya buga goshinsa a ƙasa ya ce, "Ranki shi daɗe, ba mu sani ba! Mun bar ta cikin gida, maccen ga ta ɗauka da kanta. Ba ta da hankali, dut Bodinga an sani. Amma ga azurfa nan hannunta, ta liyari, babu irinta. A karɓa a yi haƙuri, mu ƙera maki abin hannun kyauta." Ya juya ga ƙanensa. "Buɗe ta."

Maigidana ya zura hannu a jakar fata ya fito da awartaki. Sai a lokacin na gane kirkin da anka yi mani. Tun daga Bodinga sunka ɗauko shi. Sun san a gida ba zan ba da hannu ba, sunka ce a gaban Bature ba zan iya gardama ba. Ko tukunya ta yi kyau ko ba ta yi ba, da niyyar hannuna sunka fito.

Ya durƙusa a gabana ya kama hannun. Ban fizge ba. Da ɗa a baya, ga ɗan doka tsaye da kulki a bakin bariki, ina zan je? Na dai ce masa a hankali, "Dube ni." Bai dube ni ba. Ya sa bakin awartaki tsakanin bakunan munduwa ya danna. Na ji ta motsa. Ta buɗe kamar faɗin yatsa.

Sai matar Baturen ta daka tsawa, ta miƙe tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji. Maigidana ya saki. Wan ya ce, "Mi ta ce? Ta yafe?"

Kuku ya ce, "Ta ce me za ta yi da ƙarfen hannun wannan matar? Ko azurfar garinku duka kuka tara ba ta biya abin da kuka ɓata ba. Ta ce ku tafi, kada ta ƙara ganin ƙeyarku."

Kada wani ya ce tausayina ta ji. Ko kallona ba ta yi ba. Munduwar da kakata ta yi rayuwarta da ita, wadda maza biyu sunka ƙulla makirci a kanta, ita a wurinta ba ta kai a miƙa hannu a karɓa ba. Raini ne ya bar mani ita. Amma abin wuyan fa ba ta mayar ba. Yana nan damƙe a hannunta tana kukan tsatsa da shi. Haka ta hagu ta tafi ƙasar Turawa da fuskar dodo, ba sannu ba na gode.

Da munka fito wan ya hau jakinsa yana cewa na jawo masu asara, na toshe masu ƙofar arziki. Da munka kai mararraba sunka karkata hanyar Bodinga, ni na miƙe cikin gari. Maigidana ya kira ni, ban waiwaya ba.

Babana na shanya albasa a ƙofar gida. Ya dubi hannuna na hagu, ya dubi na dama, bai tambaye ni komai ba sai da na sha ruwa. Da na gama ba shi labari ya ce, "Zauna." Na zauna gidanmu har anka yanke gero.

Sau da yawa anka aiko biko babana na mayar da su. Daga baya maigidana ya zo da kansa, ya rame, ya durƙusa a zaure. Babana ya sa anka kira ni ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce a ja zana tsakanin ɗakina da sashen wansa, a fasa mani ƙofa ta dabam, kada hanya ta ƙara haɗa ni da shi. Na ce kuma hannuna ya bar wankin ƙarfen maƙerarsu, su nemi mai tsamiya. Duk ya ce ya yarda. Sai ya jawo jakarsa ya fito da 'yar guduma, ya ce in kawo hannun ya rufe mani ita kamar da, ko alama ba za a gani ba.

Na ce, "A'a. Bar ta yadda ka yi ta."

Na koma Bodinga, na haifa masa sauran 'ya'yansa, na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa. Da hannun dama ake miƙa wa miji tuwo. Safe da maraice, in na ajiye masa akushi, buɗaɗɗen bakin nan da shaidar haƙoran awartakinsa su ke fara isa gabansa kafin abinci. Duk gabatowar Salla sai ya ce, "Ki bari in rufe ta mana." Ni kuma in ce, "Ci tuwonka."